Ikoloji a kan allo ko a gindin bishiya? Muhawarar malamai da ɗalibai a Kaduna

Dakta Hadiza: Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Akwai maganar da nake so mu tauna a nan kafin kowa ya shiga taron sashensa. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da manhajar karatu ta CCMAS a ƙarshen 2022, kashi 70 na kwasa-kwasan ita ta tsara, kashi 30 ta bar wa kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da yankinta. Abin da nake gani shi ne yawancinmu mun ɗauki kashi 30 ɗin nan mun ƙara lakcoci da shi. An sauya wa kwas suna, amma malam na nan tsaye a gaban allo, yara na kwafa.

'Yan aji uku nake koyar da ikoloji, ilimin alaƙar halittu da muhallinsu. Yaro zai zana maka dalar abinci tsaf, ya rubuto lissafin Shannon na auna bambancin jinsuna a wuri ba gyara. Ka tsayar da shi a gindin ɗorawa ka ce, ciyawar nan ta fi kauri ta wannan gefen, yaya za ka yi ka gano dalili? Sai ya tsaya yana kallonka. Ba daƙiƙi ba ne. Tun daga firamare ba a taɓa yi masa tambayar da amsarta ba ta cikin littafin da aka ba shi ba.

Shawarata ita ce rabin lokacin firaktikal ya koma hannun ɗalibai. A raba su rukuni-rukuni, su kawo tambaya, su faɗi abin da suke zato, su tsara yadda za su auna, su je su auna, su zo gaban aji su kare. Kuma kada a ce son raina ne. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun haɗa bincike 225 kan darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Inda lakca zalla ake yi, kusan kashi 34 na ɗalibai ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da tunaninsu a cikin aji, kusan kashi 22.

Farfesa Lawal: Wa alaikumus salam. Dakta, na san takardar. Ki duba inda aka yi yawancin binciken da suka haɗa, Amurka ce. Su ma da kansu sun ce amfanin ya fi fitowa a ajin da bai wuce mutum 50 ba. Nawa ajin ya haura ɗari uku, wasu a kan taga suke zama. Ga zangon karatu da ake matsewa. Tun yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 da ya ci wata takwas kalanda ba ta koma daidai ba a wurare da yawa. Sannan tunda takardu ake kawowa, a 2006 Kirschner da Sweller da Clark sun rubuta cewa sakin ɗalibi ya gano abu da kansa ba tare da ja-gora ba ɓata lokaci ne, musamman wanda bai da tushe. Yaron da bai san bambancin al'ummar jinsi ɗaya da ta jinsuna da yawa ba, wace tambaya zai kawo miki?

Dakta Hadiza: Ranka ya daɗe, ban ce a sake su ba. Sakin da suke suka daban, abin da nake nufi daban. Malam yana nan, shi ke ƙin tambayar da ba za ta aunu ba, shi ke cewa ina abin da za ku kwatanta da shi, sau nawa za ku maimaita. Lakca ma ba a soke ta ba. An dai rage mata fili.

Aminu K/Mashi: Malamai ku yi haƙuri in sa baki, ni bara na gama. Mu an kai mu fita. Muka tara kuɗi, aka ɗauki bas, aka zagaya da mu, wani jami'i ya yi mana bayani a tsaye, na baya ba sa ji. Aka yi hotuna aka ci shinkafa aka dawo. Rahoton kuwa na 'yan shekarar da ta gabace mu muka karɓa muka canza kwanan wata. Wallahi har kuskuren rubutun sunan bishiya iri ɗaya ne a takardun ajin gaba ɗaya.

Dakta Hadiza: Yauwa Aminu, ka taimake ni. Shi ya sa ba na son a kawo mini gani ya kori ji a wannan maganar. Kun gani ai. Me ya kora? Yawon buɗe ido lakca ce da aka yi a rana.

Dakta Bitrus: Ina gaisuwa daga Kafanchan. Ni ina tare da Dakta Hadiza, amma mu faɗi abin da kowa ke tsoro. Da, in ana son a nuna wa yara dajin da ba a taɓa ba sai a nufi gandun dajin Kamuku ta hanyar Birnin Gwari. Yau wane shugaban sashe ne zai sa hannu? Bayan abin da ya faru a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, da aka kwashe ɗalibai daga cikin makarantarsu, iyaye ma ba za su yarda ba, kuma da gaskiyarsu. Mu nan muna da tsaunukan Kagoro da magangarar ruwa ta Matsirga a kusa, duk da haka sai mun yi ta tambaya kafin mu fita.

Dakta Hadiza: Dakta, wannan shi ne ainihin abin da ya sa nake cewa a raba bincike da mota. Bayan ɗakin lakca akwai suri. Akwai filin ƙwallo da ake tattakewa da gefensa da ba a takawa. Akwai layin darbejiya da turare da aka dasa, a ƙarƙashinsu kusan ba abin da ke fitowa. Inuwa ce? Saiwa ce ke shanye ruwan? Ko wani abu ne a cikin ganyen da ke zuba yake hana iri tsira? Hasashe uku ke nan, kowanne akwai yadda za a gwada shi da gwangwanin madara da irin wake. A jiƙa ganyen a ruwa a shayar da wasu gwangwanaye, wasu a ba su ruwa zalla, wasu a sa su a inuwar da ba ta bishiya ba. Ba a fita ƙofar makaranta ba.

Malam Garba mai ritaya: Allah ya gafarta malamai. Ni ba malamin jami'a ba ne, aikin gandun daji na yi har na aje. Yaran da kuke turo mana aikin koyon sana'a na sha ganinsu. Yaro zai faɗa maka Isoberlinia doka da Turancin Latin, yana jingine da dokar bai san ita ce ba. Bai raba maje da doka. Mai gawayin da ke sauke buhu a bakin titin Kachia ya fi shi sanin daji nesa ba kusa ba, don shi zai ce maka ƙirya da marke sun fi ba da gawayi mai nauyi, kuma zai faɗa maka cewa yanzu sai ya yi nisa kafin ya same su. Wannan ba ilimi ba ne?

Ga tambaya na ba ku kyauta. Ƙunar daji. Wutar farkon rani, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba, lasar ƙasa take yi ta wuce. Wutar ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa Maris, da gamba ta bushe ƙayau ga iska, ita ke cinye 'yan itatuwa masu tasowa. Mu a aiki da gangan muke sa ta farko don mu tsere wa ta biyu. Ku sa yaranku su ƙirga tohon da ke fitowa a inda aka ƙona da wuri da inda aka ƙona a makare. Bayan katangar kowace makaranta ana ƙuna, ba sai sun kunna ashana ba.

Farfesa Lawal: Malam Garba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan tambaya ce mai kyau, amma ka lura kai ka kawo ta, da shekarunka a daji. Shi nake faɗa.

Dakta Bitrus: Farfesa, a shekarar farko malam ya ba da tambayar, su tsara hanyar. Ko malam ya ba da abin mamakin, su fitar da tambayar. Ni da gawo nake farawa, duk da nan kudu ba mu cika samunsa ba, ya fi yawa daga Zariya zuwa arewa. Nakan ce, yawancin itatuwa suna ganye da damina su kaɗe da rani, wannan shi kuma ya juya. Manomi ba ya sare shi a gona, don dawa da gero sun fi kyau a ƙarƙashinsa. Me ya sa? Nan take za su ce taki yake sa wa ƙasa, dangin wake ne, saiwarsa na kama naitirojin. To. Sai in ce, da rani yana da inuwa, kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne, shanu a gindinsa suke wuni. Ba kashinsu ne takin ba? Sai aji ya yi tsit. Sai in ƙara, in kuma tun asali a wuri mai albarka irin ya tsira, kan tsohon suri misali, bishiyar ba ta kawo komai ba, samu ta yi? Masana ma sun yi jayayya a kan wannan na ƙarshen. Daga nan ba na ƙara magana. Su za su faɗa mini wace ƙasa za a ɗiba, daga ina, taku nawa daga gindi, da wace bishiya za a kwatanta. Ranar da yaro ya ce, Malam, ai sai mun samu gawon da shanu ba sa zuwa, ranar ya fahimci abin da ake nufi da gwajin kwatance fiye da duk ma'anar da ya haddace.

Malama Rifkatu: Ina wuni manya. Ni ce mai kula da lab, kuma duk wannan daɗin bakin a kaina yake ƙarewa. Ba ƙi nake yi ba. Kwadarat, firam ɗin da ake ajiyewa a ƙasa a ƙirga ciyayin cikinsa, ba wahala, fayif ɗin ruwa na roba ne da gwiwoyi huɗu, mita ɗaya kowane gefe, mai gyaran famfo zai haɗa. Tef na teloli ya isa auna kaurin bishiya. Rariyar kicin tana kama ƙwarin ruwa. Amma ma'aunin tsamin ƙasa sai da ruwan daidaita shi, sikeli mai kyau ɗaya ne, tanda ta busar da samfur sai da wuta. In rukuni hamsin suka kawo mini ƙasa a leda rana ɗaya, ina zan sa? A tsara da mu tun farko. Kada a gama shawara a ofis a zo a ce Madam a buɗe lab.

Dakta Hadiza: Gaskiyarki Malama Rifkatu. Dokar da zan sa ita ce, tambayar da ba za ta amsu da ƙirga, awo da tef, ko agogo ba, a zangon farko ba a karɓe ta ba.

Malama Rifkatu: In haka ne akwai wanda nake so a yi. Kogin Kaduna. A ɗebi ƙwarin ƙarƙashin duwatsu a sama da gari, a sake ɗiba ƙasa da inda magudanun Kakuri da Makera ke zubowa. Akwai 'ya'yan ƙwarin da ba sa jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci, su ne na farkon ɓacewa. Akwai kuma jajayen tsutsotsin nan na cikin taɓo, jan nasu sinadari ne irin na jininmu da ke riƙe iska, shi ya sa suke rayuwa inda wasu suka mutu. In ka zuba samfur biyu a farin faranti gefe da gefe, ɗaya iri-iri na motsi, ɗaya ja kawai, ba sai ka yi dogon bayani ba. Sai dai da rani za a yi, kuma a bakin gaɓa. Ba na son a ce yaro ya shiga kogin nan da damina.

Zainab 'yar aji uku: Assalamu alaikum. Malamai don Allah a duba wani abu. Duk aikin rukunin da aka taɓa ba mu, maza ke riƙe tef da kwadarat, mu a miƙo mana littafi a ce ke rubuta, rubutunki ya fi kyau. Ranar gabatarwa kuma namiji ke magana. Sannan a cikin mutum shida, biyu ke aikin, huɗu sai ranar sa suna. Kuma gaskiya wasunmu sun fi son lakca. In malam ya iya bayani kana fita kana jin ka gane. Wannan kuwa kana fita kanka a ɗaure.

Dakta Bitrus: Zainab, abin da kika faɗa na ƙarshe an auna shi. A Harvard, a 2019, an koyar da darasin fizis iri ɗaya ta hanyoyi biyu. Waɗanda aka yi wa lakca mai daɗi sun ce sun fi ganewa. Da aka yi gwaji, waɗanda aka sa su fama da kansu ne suka fi ci. Ɗaurewar kan nan ba alamar ba ki koyo ba ce. Amma laifinmu ne in ba mu gaya muku haka tun ranar farko ba.

Dakta Hadiza: Na riƙon tef kuma, aiki zai riƙa zagayawa, kuma kowa da littafin filinsa, ba sakatariya. Ranar kariya ni zan nuna wanda zai yi magana, ba rukuni ba.

Aminu K/Mashi: Ma, sai dai ki shirya wa alƙaluman ƙarya. Yanzu yaro zai kwanta a hostel ya ce wa ChatGPT ya ba shi tebur na ciyayi a kwadarat ashirin, ya fito fes.

Dakta Hadiza: Fes ɗin ne ke tona shi. Alƙaluman gaske da datti suke zuwa, akwai kwadarat ɗin da ba komai, akwai ciyawar da aka rubuta mata “mai gashi, ba mu san ta ba”. Zan ce a kai ni wurin. Tunda a cikin makaranta ne, tafiyar minti kaɗan ce. A nuna mini turakun.

Farfesa Lawal: To bari in faɗi inda gizo ke saƙar, don duk kun kewaye shi. Jarrabawa. Maki 60 ko 70 na takardar ƙarshen zango ne, 30 ko 40 na aikin cikin zango. Ɗalibinmu ba wawa ba ne, inda maki yake nan yake zuba ƙarfinsa. Ki sa shi ya yi wata biyu yana ƙirga ciyawa, sannan a jarrabawa ki ce “kawo ma'anar kaza, lissafo abubuwa biyar”, kin koya masa cewa ƙirgar wasa ce. Badi ba wanda zai fita rana. In har da gaske kuke, takardar jarrabawar za ku fara gyarawa, ba firaktikal ba.

Dakta Hadiza: Ranka ya daɗe, ashe kana tare da mu.

Farfesa Lawal: Ban ce ba. Na ce in za a yi, a yi ta inda za ta zauna. Ga misali. Maimakon a ce ya bayyana hanyar kamawa, sa alama, da sake kamawa, sai a ba shi labari. Rukuni ya kama dodon koɗi 40 a lambu, ya ɗiga wa kowanne jan farce a bayansa, ya sake su. Bayan kwana biyu ya kama 50, 10 na da alama. Nawa ne a lambun? Arba'in sau hamsin a raba da goma, 200. Wannan maki biyu ne, kowa zai ci. Sauran maki takwas ɗin: in jan ya sa tsuntsaye sun fi ganin masu alama suna cinyewa, lissafin zai haura gaskiya ne ko zai gaza ta, kuma me ya sa? In ruwan sama ya wanke fentin fa? In masu alamar ba su gauraya da sauran ba, suna nan inda aka sake su? Wanda ya taɓa yi da hannunsa zai san cewa na farko da na biyu suna rage masu alama a kamu na biyu, lissafi ya kumbura, na uku kuma yana ƙara su, lissafi ya ragu. Wanda ya haddace zai rubuto mini ma'ana ya zauna.

Aminu K/Mashi: Farfesa da wannan ka ba mu da rabin ajinmu sun dawo kariyoba.

Farfesa Lawal: Shi ya sa ba a yin ta rana ɗaya. Kuma makin irin wannan takarda ya ninka na waccan wahala, ku sani. Takarda ɗari uku, kowace sai ka karanta hujjar yaro. Mai duba jarrabawa na waje ma sai an zaunar da shi, in ba haka ba zai ce tambayoyin ba sa cikin manhaja.

Dakta Bitrus: Tambaya ɗaya a cikin biyar a shekarar farko, ta zama tilas. Sauran huɗun a bar su yadda aka saba. 'Yan digiri na biyu su taya duba littattafan fili.

Malam Garba mai ritaya: Su 'yan digiri na biyun sun san itatuwan? Ba zolaya nake ba. In za a yi, a fara fita da su. Ni ina nan Mando, ƙafata na tafiya. Kuma ku daina raina sunan Hausa. Yaro ya fara rubuta taura, kaɗanya, tsada, ya ɗauki hoto ya sa a manhajar waya ta gane tsirrai, iNaturalist ko PlantNet, na Latin ya biyo baya. Amma a gaya musu wayar takan yi ƙarya a kan itatuwanmu, sai an duba ganye da ɓawo.

Zainab 'yar aji uku: Baba, ungulu fa? Mahaifina ya ce da a mayanka ba a iya ƙirga su, ni kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya a garin nan ba. Za a iya yin bincike a kan abin da babu?

Dakta Hadiza: Za a iya, kuma kin kawo tambayarki da kanki, Farfesa ya shaida. Ungulun da muka saba gani a mayanka tana cikin jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na masu dab da ƙarewa tun 2015. Guba da farautar ta don magungunan gargajiya na cikin manyan dalilai. Masu cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos suna tattara bayanan tsuntsayen ƙasar nan da taimakon 'yan sa-kai. Ki je mayanka da rukuninki ku zauna awa ɗaya, lokaci iri ɗaya, ku rubuta duk tsuntsun da ya sauka. Sifili ma sakamako ne in an rubuta yadda aka nema. Ku tambayi tsofaffin mahauta yaushe suka daina gani. Sai dai ki yi tunanin yadda za ki tantance maganar da aka ciro daga tuni, don kowane dattijo zai ce miki da ta fi yawa.

Farfesa Lawal: Ɗaya ce a cikin ɗari uku. Amma na ji. Dakta, ki rubuto shafi biyu, ba goma ba: makonni nawa, maki nawa, wa zai duba. Zan karanta kafin taro. Ban yi alƙawarin goyon baya ba.

Malama Rifkatu: Kafin ki rubuta, Dakta, ki duba a wane zango kwas ɗin ya faɗa. Ciyawa ba ta ganuwa sai ta fitar da kai, kyasuwa da gamba kuwa sai ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba. In kwas ɗin ya faɗo a Fabrairu, kwadarat ɗinku toka da kara zai ƙirga. Sai ku ajiye na ciyawa ku ɗauki na kogi da na ƙunar Malam Garba. Ki turo mini jerin tambayoyin da aka amince da su da wuri in san fayif nawa za a yanka, kuma a faɗa mini daga wane aljihu kuɗin zai fito.